Ɗan Fari a Kan Benci

Talata Mafara,
Nuwamba, 1979.

Zuwa ga taubashina Gajere,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Nagode da yara baki ɗaya. Yaya ciwon bayan nan naka? Yaya kuma zaman sabon wuri? Mu nan lafiya lau, sai mura da ta kama ni makon jiya, ta kuma sake ni.

Ɗanka Ɗantani ya iso lafiya a motar kasuwa. Da ya sauko ban gane shi ba. Rabona da shi tun yana bin awaki a tsohuwar Maradun, kafin ruwan dam ya ci garin. Sai da ya sunkuya kafin ya shiga ɗakina. Na tsaya ina dubansa ina tuna ka, kai da sai an ɗaga ka kake hawa jaki. Ashe duk tsawon da aka hana ka ajiye wa yaron nan aka yi.

Tun da ba ka taɓa ganin aikina ba, bari in bayyana maka. Kamfanin da ke haƙa magudanan ruwa ya zuba filin siminti a bayan barikin ma'aikata, ya kafa ƙarfe biyu, kowanne da kwando a sama. Yana da ƙungiyar ƙwallon kwando mai suna Shamuwa, ni ne kocinta, wato mai horar da 'yan wasa. Albashi ake ba su kamar kowane ma'aikaci, amma wasan shi ne aikinsu. Mutum biyar ke shiga fili a lokaci guda, sauran su zauna a benci har koci ya kira su. An gwada Ɗantani, an ɗauke shi. Ban sa baki ba. Fita ma na yi lokacin gwajin, don kada a ce.

Gajere, yaron yana da hannu. Bahago ne, in ya jefa ƙwallo daga nesa sai ka ji raga ta yi shuu, ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Amma ɗanye ne. Atisayen safe daban, wasan gaske daban. Yaro ba ya koyon wannan sana'a daga benci. Sai ya shiga, 'yan kallo su yi masa ihu, alƙalin wasa ya busa masa usur, ya yi ɓarna, ya kwana da takaici, gobe ya gyara. Na rubuta wannan a littafin da nake rubuta al'amuran yini, na ja masa layi, don na san halina, ina iya sanin abu in kasa yin sa.

Na san gonarku ta tafi, kuma wannan aiki shi ne abin da ke hannun yaron yanzu. Saboda haka ka faɗa mini abin da kake so a kansa.

Ka gaida Nagode da kyau.

Naka,
Balarabe.

*

Maradun,
ranar kasuwa.

Zuwa ga bawana Balarabe,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan mura ba ta dawo ba. Na samu takardarka, na karanta ta da kaina, da bokon yaƙi da jahilcin nan da kake yi wa dariya. Lahiya lau muke. Baya shina nan, in na duƙa sai na yi shawara da shi kafin in miƙe.

Ka tambayi sabon wuri. Wurin da anka ba mu tsakuwa ce zalla. Na shuka gero, ya fito ya dube ni, ya koma. Fadamar da kakanmu ya bari tana ƙarƙashin ruwa. Masunta sun ce daidai tsamiyar nan da muke hawa muna yara, nan kifi ya fi yawa. To, ko ba komai wani ya ci.

Maganar tsawo kuwa, kai da kake da shi mi ka ɗauko? Ka yi sakandare, ka kai shekara arba'in, ka ƙare da koya wa ƙattai jifan kwandon da ba shi da gindi. Mu nan in mun zuba abu cikin kwando so muke ya zauna. Kakata ta faɗa tun kana rarrafe, ta ce jikan ƙanenta wanga ba zai riƙe fartanya ba.

Wancan da ka ambata, ba ni da magana a kansa. Na ba ka shi, naka ne. Dogon banza ne, tuwo ya iya. Kada ka ɓata da mutanenka saboda shi.

Nagode ta ce wai akwai wani a gidanka da ba ya son miyar kuɓewa. Ban tambaye ta ko wane ne ba.

Ubangidanka,
Gajere.

*

Talata Mafara,
Fabrairu, 1980.

Zuwa ga Gajere,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Ina fata bayan ya yi sauƙi, ina fata kowa lafiya. Ka faɗa wa Nagode an daina kuɓewa a gidana, mun koma kuka, har ni da ba a tambayi ra'ayina ba.

Na jima ban rubuto ba, don ban san yadda zan faɗa maka ba. Mun yi wasa da Gusau, mun yi da Ƙauran Namoda, mun sake yi da Gusau. Ɗantani bai shiga ko ɗaya ba.

Bari in jera maka dalilaina, ka duba ko suna da nauyi, don ni kullum na duba su sai in ga sun rage.

Na farko, Tsoho. Shi ne kyaftin ɗinmu, shi ke tsayawa a gurbin da Ɗantani ya dace da shi. Ya haura talatin, gwiwoyinsa a ɗaure suke da bandeji, in ya yi tsalle ya sauko ni nake jin zafin. Amma da shi muka fara ƙungiyar nan, lokacin da babu ko siminti. Yaya zan ɗaga hannu a gaban jama'a in ce ya fito, yaron da ya kusa haifa ya shiga?

Na biyu, bakin mutane. Ranar da muka dawo daga Gusau na zauna wurin mai shayi, wani direban tirakta ya ce da ni, «Koci, yaushe za a naɗa yarima? Mun ga an kawo shi daga Maradun, an ajiye shi a inuwa.» Aka yi dariya. Na ce, «Yarima yana jiran ka koyi fakin.» Aka sake dariya, amma shayin bai shiga ba.

Na uku, kai. Ka ce kada in ɓata da mutanena saboda shi. Na san ɗan farinka ne, na san ba za ka yabe shi ba, ko sunansa ba ka kamawa. Duk na sani. Amma maganar ta zo mini daidai inda nake neman mafaka, sai na shige cikinta na zauna.

Ga abin da ya fi damuna. Akwai wani yaro, Sallau, ɗan Ruwan Gizo, sa'an Ɗantani ne, tare aka ɗauke su. Bai kai shi tsawo ba, bai kai shi hannu ba. In Tsoho ya gaji ya nemi hutu, Sallau nake turawa, don kowa ya ga ba na son kai. Wasansa na farko abin tausayi ne, har ƙwallo ya miƙa wa ɗan Gusau hannu da hannu. Na biyu ya rage ɓarna. Na ukun nan sai ga shi ya daina duban 'yan kallo, ya san inda zai tsaya kafin ƙwallo ta zo. Abin da na ja wa layi a littafina ya tabbata a gabana, amma a jikin ɗan wani.

Shekaranjiya bayan atisaye Ɗantani ya tsaya yana tattara ƙwallaye. Ya ce, «Baba, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba? In gyara.» Na ce babu. Ya jira ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya ce, «To, Baba,» ya ɗauki buhun ya wuce.

Wani abu kuma na lura da shi. Tun da ka ce nawa ne, na daina kiran sunansa a fili. Kowa ina kiransa da suna, shi sai in ce, «Kai, dogo.» Ban san ranar da na fara ba. Ka ba ni yaro, ka haɗa mini da kunyarka.

Ina jiran amsarka.

Balarabe.

*

Talata Mafara,
Maris, 1980.

Gajere,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta hana ka rubutu. Kasuwa ta ci, ta sake ci, direban motar kasuwa ya ce ya ba ka takardata a hannunka, ka sa a aljihu, ka tambaye shi farashin albasa. Ko na faɗi abin da ya ɓata maka rai? Na sake karanta kwafin takardar da na ajiye, ina ganin maganar kunyar nan ce. In ita ce, ka yafe, wasan taubasai ne ya zarce.

Yanzu ga magana mai nauyi. Aikin kamfanin ya zo ƙarshe, sun fara ɗaure kaya. Za a rushe Shamuwa. Wasanmu na ƙarshe ranar Asabar ta sama ne, a filin makaranta a Bakura. Wani mutum zai zo daga wata babbar ƙungiya a Sakkwato, zai ɗauki matashi ɗaya daga cikinmu. Ɗaya tak. An gaya mini ba ya sauraron yabon koci, abin da idonsa ya gani a fili shi yake ɗauka. Wanda aka ɗauka ya samu sana'a. Sauran kowa ya koma gonar ubansa, mai gona ke nan.

Na yi niyyar sa Ɗantani. Da safe niyyar tana da ƙarfi, da yamma sai in fara tunanin yaron da bai taɓa shiga wasan gaske ba, a tura shi ranar da ta fi kowace rana. In ya rikice fa? Kuma a ce na danne Sallau, wanda ya sha wahalar wasannin baya, don ɗan gidana.

Ka taimake ni. Kalma ɗaya nake so daga gare ka, ka ce in sa shi. In bakinka ba zai iya ba, alƙalaminka ma ba zai iya ba, to ka zo Bakura. In na dube ka, ka gyaɗa mini kai kawai. Ba wanda zai gani sai ni.

Balarabe.

*

Talata Mafara,
Lahadi.

Gajere,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya, tun da ba ka tsaya mun gaisa ba balle in tambaye ka.

Na gan ka. Kana tsaye a gindin dalbejiyar da ke bayan kwandon gabas, ka hau kan tubalin siminti don ka hango, da hular nan taka mai ruwan ƙasa. Da na gan ka sai na ji kamar an sauke mini kaya. Na ce yau an gama.

Bari in faɗa maka yadda abin ya kasance daga inda nake, don ka san abin da ka yi. Mun dawo daga hutun rabin lokaci ana gabanmu da kaɗan. Mutumin Sakkwato yana zaune a kujera kusa da alƙalai, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ba a daɗe ba Tsoho ya sauko daga tsalle, gwiwa ta ƙi. Ya ɗingiso zuwa bakin fili, ya dafa kafaɗata yana haki, ya ce, «Koci, ni na gama. Sa yaronka mana. Tun yaushe nake jira ka fitar da ni, kai kana jin kunyata, ni ina jin kunyar in ce na gaji. Sa shi, wallahi ya fi mu duka.»

Ka ga dalilina na farko ya faɗi ke nan. Na juya na ce, «Kai, dogo, tashi.» Ya miƙe. Ya tuɓe rigar sama, idonsa yana kan kwando. 'Yan kallo suka fara, «Ga yarima! Ga yarima!» Sai na dube ka, kamar yadda na ce zan yi.

Ka kau da kai, Gajere. Ba kau da kai kaɗai ba, ka sauko daga kan tubalin, ka juya wa filin baya, kana duban katangar makaranta kamar an rubuta wani abu a jikinta. Na jira. Alƙalin wasa yana ce mini, «Koci, wa zai shiga?» Na jira ka waiwayo. Ba ka waiwayo ba.

Na ce a raina, uban yaro ya taso tun daga Maradun ya ce a'a. Ya ji ihun da ake yi, ba ya son a tozarta gidansa. Na ce, «Sallau, shiga.»

Ɗantani ya koma benci. Ya mayar da rigarsa, ya zauna, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Tsoho ya dube ni, ya tofar da yawu a gefe, ya koma can ƙarshen benci.

Sallau ya yi wasa mai kyau, ba zan rage masa ba. Ya yi wasan wanda ya saba. Mutumin Sakkwato ya kira shi, sun tafi tare yau da safe. Kafin ya shiga mota mutumin ya nuna Ɗantani da haɓa, ya ce, «Wancan dogon fa, ciwo yake?» Na ce lafiyarsa lau. Ya ce, «To me ya sa kuke ciyar da shi?»

Jiya na zauna zan rubuta al'amuran yini, na kasa. Ina ɗaukar rabona na laifin, na wasannin baya. Amma na jiya naka ne. Abu ɗaya na roƙe ka. Da ba za ka yi ba, da ka zauna a gida.

Yaron ya ɗaure kayansa, ya ce gobe zai bi motar kasuwa. Shi zai kawo maka wannan. Bai san abin da ke ciki ba.

Balarabe.

*

Maradun,
farkon damina.

Zuwa ga Balarabe,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida iyali. Muna nan da rai. Na daɗe ban amsa ba. Ka san abin da ya faru a ƙasar nan bayan wasanku, tsakanin hukuma da manoman da dam ya cinye wa gonaki, hanya ta rufe, an yi zaman makoki a garuruwa da yawa. Ba abin rubutawa a takarda ba ne. Gidanmu Allah ya tsare. Ko da hanya a buɗe take ma, ban da abin ce maka a lokacin, sai da zuciya ta kwanta.

Ka ce laifin ranar nan nawa ne. To saurara.

Ranar da na zo Bakura babu mota daga nan. Na bi jakin maƙwabcinmu Ɗanasabe har bakin titi, na hau bayan tirakta, na ƙarasa da ƙafa, da wanga bayan nawa. Tun da anka haife ni ban taɓa zuwa kallon wasan ƙwallo ba. Kana tsammani katangar makaranta na zo gani? Mutum ya taso tun daga Maradun don ya ce a'a? In a'a ce, ai zama gida ya isa. Zuwana shi ne amsar, Balarabe. Kai mai sakandare, wace amsa kake nema bayan wannan?

Ka ce na kau da kai. Na kau. Mi kake so in yi? Ɗan farina ya miƙe a gaban jama'a, ana kiransa, in tsaya in zuba masa ido kamar baƙo? Rabin mutanen da ke gindin itacen nan sun san ni. Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa dubana a gaban mutane ba, kai shaida ne, a gidanmu ka yi yaye. Ranar da na kada babban ɗan kokawar Bakura muna samari, tashi ya yi ya bar dandalin, kai ka bi shi da takalmansa. Ka manta? Ko a ranar ma cewa ka yi ba ya so?

Da na ga ya tuɓe riga, ƙirjina ya cika, na ji in ban juya ba za a ga abin da bai kamata a gani ba a fuskata. Na juya ina jira in ji ihu, in san ya jefa. Na ji ihu, na ce alhamdu lillahi. Da na waiwayo sai na ga ɗan wani a fili, nawa a zaune ya haɗa hannuwa. Shi ya sa ban tsaya gaisuwa ba.

Na ce maka dogon banza ne. Mi uba zai ce? Don haka na kai shi wurinka, don kai kana da bakin da ni ba ni da shi. Kai ne za ka yabe shi, ka tura shi, a zage ka ka shanye. In kai ma kunyar za ka ji, mi ya raba ka da ni? Da na bar shi nan, mu ji ta tare.

Ka tambayi halinsa, ko da ba ka tambaya ba. Shina nan. Ana ta gini a sabon gari, ya shiga wurin magina. Shi ke jefa wa magini tubali daga ƙasa zuwa kan katanga. Sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba, da hagu yake jefawa, ko dubawa ba ya yi, tubali ya sauka a tafin magini kamar an ajiye. Har rububinsa suke. Jiya na wuce ta wurin, na ji suna yi masa kirari, na bi ta wata hanya.

Ba ya maganar ƙwallo. Takalman da ka saya masa suna rataye a ɗaki, Nagode tana kakkaɓe su in ba ya nan.

Ban riƙe ka a zuci ba, zumunci ya fi ƙarfin haka. In ka zo da Sallah za a ba ka tuwo, da kuɓewa. Amma kada ka ƙara rubuto mini cewa ba ka san abin da nake so ba. Ga shi zan rubuta maka sau ɗaya, ba a taɓa ji a bakina ba, ba kuma za a ƙara ji ba. Ka kwafa a littafin nan naka, ka ja masa layi.

Ɗantani nake so ka sa. Ɗana Ɗantani.

Gajere.